15 ga Agusta: Waɗanda Suka Koya wa Matasan Indiya Son Tutarsu



Duk ranar 15 ga Agusta, da sassafe Firaministan Indiya yakan hau ganuwar Lal Kila, wato Jar Fada, a tsohon birnin Delhi. Ya ɗaga tuta, a harba igwa sau 21, a rera taken ƙasa, sannan ya yi wa al'umma jawabi. A gabansa akwai dubban ɗalibai da matasa 'yan horon soja sanye da launukan tutar guda uku: ruwan goro, fari da kore. A makarantun ƙasar kuma yara kan yi fareti, a raba musu kayan zaƙi. Samari su ɗaura tuta a babura, 'yan mata su zana ta a kumatu, sararin tsohon Delhi ya cika da jiragen takarda masu zare da ake saki daga saman gidaje.

Mu nan mun san Indiya ta fuskar finafinanta, tun zamanin da iyayenmu suke cika gidajen sinima a Kano domin kallon Mother India. Saboda haka wanda ya ga hotunan wannan biki yana iya ɗauka wani shiri ne irin na fim. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ƙasa ce mai mutum sama da biliyan 1.4, da harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa, da addinai iri-iri, kuma wajen rabin mutanenta ba su kai shekara 30 ba. Ta yaya yaron Tamil da ba ya jin Hindi da yarinyar Punjab da ba ta jin Tamil suka zo suna jin tsikar jikinsu ta tashi a kan ƙyalle ɗaya? Amsar da tarihi ya bayar ita ce, matasa ne suka biya da rayukansu, marubuta kuma suka sa wa abin kalmomi. Wannan shi ya sa batun ya shafe mu.

Dalilin zaɓen Jar Fada

Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya gina Jar Fada, aka kammala ta a 1648. Nan ce fadar sarakunan Mughal har zuwa 1857, shekarar da sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin Turawa na East India aiki suka yi bore, suka nufi Delhi, suka yi mubaya'a ga tsohon sarki Bahadur Shah Zafar. Turawa suka murƙushe boren, suka yi wa sarkin shari'a a cikin fadarsa a 1858, suka kai shi gudun hijirar dole Rangun ta ƙasar Bama, inda ya rasu a 1862. Sarkin kansa mawaƙi ne a harshen Urdu. A 1858 ɗin ne gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin Indiya daga hannun kamfanin, kuma a cikinta aka haifi Lugard a Madras, mutumin da daga baya ya ci ƙasarmu da yaƙi.

Bayan shekara 87, a 1945, Turawa suka sake shirya wata shari'a a wannan fada. Wannan karon hafsoshi uku ne na rundunar da Subhas Chandra Bose ya jagoranta, wadda ta yaƙi Ingila tare da Japan: Shah Nawaz Khan, Prem Sahgal da Gurbaksh Singh Dhillon. Ɗaya Musulmi, ɗaya Hindu, ɗaya Sikh. Turawa sun so su nuna wa jama'a makomar maciya amana, sai reshe ya juye da mujiya. Ɗalibai suka cika tituna, Jawaharlal Nehru ya sake saka rigar lauya ya shiga cikin masu kare su, daga ƙarshe aka sake su. Don haka da Nehru ya ɗaga sabuwar tuta a kan ganuwar a ranar 16 ga Agusta 1947, kowa ya fahimci saƙon: inda aka tozarta mu, nan za mu tsaya mu yi magana.

Matasan da suka biya farashin

A 1905 Gwamna Janar Curzon ya raba lardin Bengal gida biyu. Mutane suka ɗauki hakan a matsayin dabarar raba Hindu da Musulmi, sai aka fara ƙaurace wa kayan Ingila, ana ƙona yadin Manchester a bainar jama'a. Ɗalibai ne a gaba, da yawa aka kore su daga makaranta. Cikinsu akwai Khudiram Bose, wanda ya jefa bam a kan keken doki yana zaton wani alƙali Bature ne a ciki, alhali mata biyu ne Turawa, kuma duk suka mutu. Aka rataye shi a 1908 yana ɗan shekara 18.

Ranar 13 ga Afrilu 1919, Janar Dyer ya shiga wani fili mai katanga da ake kira Jallianwala Bagh a Amritsar, ya tare mashigar, ya sa sojoji suka buɗe wa taron da ba shi da makami wuta. Ƙididdigar gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu, ta 'yan ƙasa ta ce sun haura 1,000. A lokacin wani yaron Punjab mai suna Bhagat Singh yana da shekara 11. Da ya girma sai ya zama makarancin littattafai, mai rubutu a jaridu. A 1928 'yan sanda suka yi wa dattijon siyasa Lala Lajpat Rai dukan kulki a wata zanga-zanga a Lahore, ya rasu bayan 'yan makonni. Bhagat Singh da abokansa suka yi niyyar ɗaukar fansa a kan shugaban 'yan sandan da ya ba da umarnin, amma suka kuskure, suka harbe wani matashin jami'i mai suna Saunders. A 1929 ya jefa bam a zauren majalisa a Delhi, a gefen da babu mutane, ya tsaya aka kama shi, domin yana son ya mayar da kotu dandalin jawabi. A kurkuku suka shiga yajin cin abinci, abokinsu Jatin Das ya mutu bayan kwana 63. Ranar 23 ga Maris 1931 aka rataye Bhagat Singh da Rajguru da Sukhdev. Shekarunsa 23.

Gandhi bai yarda da hanyar bam ba, kuma hanyarsa ce ta tara miliyoyi. A Maris 1930 ya fita daga Sabarmati da mabiya 78, suka taka sama da kilomita 380 zuwa gaɓar teku a Dandi, ya ɗebi gishiri domin karya dokar da ta hana ɗan ƙasa yin gishirinsa. Dubun dubatar mutane aka ɗaure a wannan gwagwarmaya. A Agusta 1942 jam'iyyar Congress ta ce wa Turawa su tattara su bar ƙasar. Kafin gari ya waye an kama shugabanni duka, sai ragamar ta faɗo hannun matasa. Aruna Asaf Ali ta ɗaga tuta a filin Gowalia Tank na Bombay. Usha Mehta, ɗaliba 'yar shekara 22, ta shiga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon ɓoye, suna sauya masa gida don kada a gano su, har aka kama ta bayan kimanin wata uku. A Patna aka harbe ɗalibai bakwai da suka je kafa tuta a sakatariyar gwamnati. A Assam, Kanaklata Barua 'yar shekara 17 tana riƙe da tuta a gaban jerin gwano aka harbe ta.

Yaron Indiya na yau yana karanta waɗannan sunaye a littafin makaranta, yana ganinsu a kan tituna da kan sarki. Idan ya ɗauki tuta ranar 15 ga Agusta, an riga an faɗa masa cewa sa'anninsa ne suka mutu a kanta.

Aikin alƙalami

Jini shi kaɗai ba ya zama tarihi sai an samu mai ba da labarinsa. A 1882 Bankim Chandra Chatterjee, ma'aikacin gwamnatin Turawa a Bengal, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Anandamath. A ciki ya saka waƙar Vande Mataram, wadda ta siffanta ƙasa da uwa. Bayan raba Bengal sai waƙar ta zama taken masu zanga-zanga, har hukuma ta riƙa hukunta masu faɗar ta a titi. Sai dai Musulmi sun yi ƙorafi, domin baitocin ƙarshe sun kamanta ƙasa da allolin Hindu, littafin ma bai yi wa Musulmi adalci ba. A 1937 Congress ta yanke cewa baitoci biyu na farko kawai za a riƙa rerawa a taro. Har gobe ana jayayya a kan wannan.

Muhammad Iqbal ya rubuta waƙarsa ta yabon Hindustan a 1904. Daga baya ra'ayinsa ya sauya, a 1930 ya yi kira da a samar wa Musulmin arewa maso yamma yankinsu, kuma yau shi ne mawaƙin ƙasa na Pakistan. Amma har yanzu 'yan badujalar sojan Indiya suna busa waƙar tasa. Rabindranath Tagore kuwa, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, shi ya rubuta Jana Gana Mana, aka fara rera ta a taron Congress a Kalkata a 1911, aka mayar da ita taken ƙasa ranar 24 ga Janairu 1950. Waƙar tana lissafo yankuna da duwatsu da kogunan ƙasar ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kowa zai ji an ambaci gidansu. Shi ne ya mayar wa Sarkin Ingila lambar girmamawa bayan kisan Amritsar. Shi ne kuma, a laccocin da ya yi a Japan da Amurka a 1916 da 1917, ya gargaɗi duniya a kan kishin ƙasa na makanta da ke mayar da maƙwabci abokin gaba. Mai taken ƙasa ke nan da bakinsa.

Ga kuma Premchand, malamin makaranta da ya fara rubutu da laƙabin Nawab Rai. Ya fitar da tarin gajerun labarai na Urdu mai suna Soz-e-Watan, hukuma ta ce akwai tunzura jama'a a ciki, aka ƙwace kwafen aka ƙona. Ya sauya laƙabi ya ci gaba. A 1921 ya ajiye aikin gwamnati saboda amsa kiran Gandhi, alhali yana da iyali ga rashin lafiya. Labaransa ba na sarakuna ba ne, na manomi ne da bashi ya ci, da bazawara, da wanda aka haifa a ƙasan tsarin dangantaka. A 1936 ya shugabanci taron farko na Ƙungiyar Marubuta Masu Ra'ayin Ci Gaba a Lucknow. Da karatun irin waɗannan labarai ne ɗan birni ya fara ganin ɗan ƙauye a matsayin ɗan ƙasarsu.

Ranar da aka yi biki da makoki

Gwamna Janar Bature na ƙarshe, Mountbatten, shi ya zaɓi 15 ga Agusta, domin ta yi daidai da cika shekara biyu da Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu. Su 'yan gwagwarmaya tun 1930 ranar 26 ga Janairu suke bikin neman 'yanci, shi ya sa aka ajiye ta domin fara aiki da kundin tsarin mulki a 1950, wanda B. R. Ambedkar ya shugabanci kwamitin tsara shi.

'Yancin ya zo tare da raba ƙasa biyu, Indiya da Pakistan. An ɗauko wani lauya daga Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, aka ba shi kimanin mako biyar ya ja layi a tsakiyar Punjab da Bengal. Ba a bayyana layin ba sai 17 ga Agusta, wato mutane sun yi bikin 'yanci ba su san ƙasar da ƙauyensu ya faɗa ba. Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka yi Pakistan, Hindu da Sikh suka yi Indiya. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin dubu ɗari biyu zuwa miliyan biyu. Jiragen ƙasa sun iso tasha cike da gawawwaki, an sace mata dubbai daga kowane ɓangare. Daren da Nehru yake jawabinsa na tsakar dare a majalisa, Gandhi ba ya Delhi. Yana Kalkata a wani tsohon gida a unguwar da ake rikici, yana azumi da addu'a. Ranar 30 ga Janairu 1948 wani Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe shi, bisa zargin ya cika sassauta wa Musulmi.

Jawaban hukuma sun gaggauta wuce wannan babi, marubuta ne suka tsaya a kansa. Saadat Hasan Manto, wanda ya bar Bombay ya koma Lahore a 1948, ya rubuta gajerun labarai da ba su wanke kowane ɓangare ba. An kai shi kotu sau shida bisa zargin batsa, uku a zamanin Turawa, uku a Pakistan. A labarinsa Toba Tek Singh, gwamnatocin biyu sun shirya musayar masu taɓin hankali, sai wani tsoho da ba abin da yake tambaya sai inda garinsu ya faɗa ya ƙi motsawa, ya faɗi a 'yar tazarar da ke tsakanin wayoyin iyaka biyu. Khushwant Singh ya fitar da Train to Pakistan a 1956, labarin ƙauyen da Sikh da Musulmi suka zauna lafiya har ranar da jirgin gawa ya iso. A lokacinsu an zarge su da tonon silili. Yau ana karantar da su a jami'o'i, kuma ta hanyarsu jikokin 'yan gudun hijira suke gane abin da kakanninsu suka kasa faɗa.

Tutar wa ce?

An amince da tutar ranar 22 ga Yuli 1947. Ta samo asali daga zanen Pingali Venkayya, amma aka cire keken kaɗin zare da ke tsakiya aka sa da'irar Sarki Ashoka mai sanduna 24. Abin mamaki, sama da shekara 50 talaka ba shi da izinin kafa ta a gidansa sai a ranakun da hukuma ta ware. Wani matashin ɗan kasuwa, Naveen Jindal, da ya dawo daga karatu a Amurka ya kafa ta a masana'antarsa, jami'ai suka ce ya sauke. Ya kai ƙara, aka sassauta dokar a 2002, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2004 cewa ɗaga tuta cikin mutunci haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A 2022, cika shekara 75, gwamnatin Narendra Modi ta yi gangamin kafa tuta a kowane gida daga 13 zuwa 15 ga Agusta, ta kuma nemi jama'a su sa ta a hotunan shafukansu na intanet. Kafin nan an halatta tutar da aka saƙa da inji, abin da ya ɓata wa masu saƙar hannu rai, domin zaren hannu shi ne alamar gwagwarmayar Gandhi.

Finafinai ma sun ɗauki nasu kason. A 2006 aka fitar da Rang De Basanti, labarin ɗaliban jami'a marasa damuwa da komai da suka fito a matsayin su Bhagat Singh a wani fim, sai rawar ta shige su. Makonni kaɗan bayan fitarsa wata kotu ta sallami waɗanda ake tuhuma da kashe Jessica Lal, ciki har da ɗan wani ɗan siyasa. Matasa suka fita ƙofar India Gate da kyandir a hannu kamar yadda suka gani a fim ɗin. Aka ɗaukaka ƙara, kafin ƙarshen shekarar aka yanke wa wanda ya yi harbin ɗaurin rai da rai.

Amma son ƙasa da tilasta shi abu biyu ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta mayar da yara uku na jihar Kerala makaranta, waɗanda aka kora domin addininsu ya hana su rera taken ƙasa, ko da yake sukan miƙe tsaye cikin ladabi. A 2016 ita dai kotun ta wajabta sa taken a gidajen sinima, aka samu rahotannin cin zarafin waɗanda ba su miƙe ba, a 2018 ta janye wajabcin. A Disamba 2019 aka yi dokar da ta sauƙaƙa ba da takardar zama ɗan ƙasa ga baƙin da suka fito daga Pakistan, Bangladesh da Afganistan, amma ban da Musulmi. Ɗaliban Jamia Millia Islamia da matan unguwar Shaheen Bagh suka fito da tuta, suna karanta gabatarwar kundin tsarin mulki da ƙarfi. Magoya bayan dokar su ma suka fito da tutar. Kowane ɓangare yana cewa shi ne mai kishin ƙasa na gaskiya. Muhawarar da aka fara tun zamanin Bankim da Tagore ba ta ƙare ba, jikoki ne suka gaje ta.

Abin da ya rage gare mu

Gwagwarmayar Indiya ta taɓa ƙasar Hausa. Malam Aminu Kano ya karanci Gandhi, ya kuma ɗauki darasi daga salon siyasarsa, Malam Sa'adu Zungur kuwa ya yi da waƙa irin aikin da mawaƙan Urdu da Bengali suka yi, wato farkar da jama'a da harshen da suke ji. Mu ma muna da ranakunmu, 1 ga Oktoba a Nijeriya da 3 ga Agusta a Nijar, kuma muna yawan kukan cewa matasa ba su damu da su ba. Kafin mu ɗora musu laifi, mu tambayi kanmu labari nawa muka ba su. Yaron Patna ya san ɗalibai bakwai, akwai gumakan tunawa da su a gaban sakatariya. Namu yaron fa, wane ƙagaggen labari ya karanta a kan Satiru ta 1906, ko Burmi ta 1903, ko 'yan NEPU da aka ɗaure?

Wanda zai ɗauki wannan aiki, ga abin da marubutan Indiya suka nuna. Ka kama mutum ɗaya mai suna da shekaru da uwa, domin mai karatu ba ya kuka a kan adadi. Ka bincika kwanan wata da wuri kafin ka rubuta. Kada ka goge laifin gwarzonka: matan nan biyu da bam ɗin Khudiram ya kashe suna cikin labarin, haka ma Saunders. Kuma ka sa rai za a zarge ka, kamar yadda aka ƙona littafin Premchand aka gurfanar da Manto. Ƙasa tana buƙatar mai waƙar da za a rera a fili ranar biki, tana kuma buƙatar mai labarin da za a karanta a ɗaki bayan an watse. Indiya ta samu duka biyun, shi ya sa matashinta yake da abin alfahari, yake kuma da abin da zai tuhumi shugabanninsa da shi.